Babur Tsirara a Layin Awaki

Kallamu yana durƙushe gindin wani keke-napep, hannu dumu-dumu da baƙin mai, sai ya ji layin awaki ya ɗauki sowa. Da farko ya zaci bunsuru ne ya tsinke igiya, don abin da ya saba tayar da wannan ɓangare na Kasuwar Artisan ke nan. Da ya ji sowar ta ƙi ƙarewa, ya goge hannu da tsumma, ya ɗingisa ya leƙa.

Wata a-kori-kura ce ta tsaya a bakin rumfar Alhaji Gimba, mijin ƙanwarsa Delu, wanda duk layin babu dillalin da ya kai shi. Ƙarti huɗu suna sauko da wani babur baƙi mai ratsin ruwan lemo, a hankali, kamar masu sauke majinyaci. Zainulabidin, babban ɗan Alhaji, sai zagaye su yake yi yana cewa su bi a sannu, da Hausa da Ibo da Turanci duk a numfashi ɗaya.

In dai babur ne, ba a yi wa Kallamu bayani. Shekara goma sha tara ya yi yana okada, wato acaɓa. Shida a Anaca, inda wata bas ta karya masa ƙafar hagu, sauran a nan Inugu, har ranar da aka hana sana'ar cikin gari aka jefa nasa a bayan mota yana kallo. Tun daga nan ya kafa 'yar rumfar gyara, yana duba keke da janareto da baburan masu kai saƙo. Saboda haka da ya matso, mutane suka dare masa hanya, kowa na son jin abin da zai ce.

Ya zagaya babur ɗin sau biyu. Babu murfi ko ɗaya da ya rufa masa asiri. Inji a fili, bututai a fili, ƙarafan haƙarƙari a fili, sai ka ce akuyar da aka feɗe aka rataye. Tanki ya kumburo a gaba kamar ƙirjin ɗan dambe, baya kuma ya tsuke ya ɗage sama kamar wutsiyar kunama. Wurin zaman na baya bai fi tafin hannu biyu ba. Ba kariya, ba inda za ka ɗaura ko da ƙullin albasa.

"Sauran kayan suna cikin motar ne?" in ji Kallamu.

"Wane kaya, Kawu?"

"Rigarsa mana. Ko a hanya aka sace?"

Zainulabidin ya yi irin dariyar nan ta wanda ya ga baƙauye. Shekararsa ashirin da uku, a Inugu aka haife shi, Kano kuwa sau biyu ya taɓa zuwa, duka biyun ya dawo yana ƙorafin zafi. "Haka ake yin sa, Kawu. Neked ake ce masa. Na matasa ne, masu fara hawa. Ba shi da nauyi, ga shi da tashi."

"Mene ne kuma neked?"

Wani mahauci daga baya ya ce, "Tsirara."

"To, madalla," in ji Kallamu. "Mu a zamaninmu sai babur ya tsufa ya sha wuya sannan yake yin tsirara. Yanzu kuma daga kamfani ake haifo su haka, har a yi musu guɗa."

Aka yi dariya. Alhaji Gimba bai yi ba. Ya gyara zaman hularsa, ya ce yaro ya gama difloma, ya cancanci a faranta masa.

Mako biyu babur yana kafe a bakin rumfa. Kullum da safe Zainulabidin zai zo da bokiti da soso ya wanke shi, da la'asar ya sake wankewa, alhali ba wata tafiya yake yi ba balle ya yi datti. In ya gama sai ya tayar da shi, ya yi ta murɗa totur har awaki su rikice su hau kan juna. Daga nan ya shiga bayan rumfa ya fito cikin baƙar rigar fata, da safar hannu, da takalmi har ƙwauri, da hular kwano baƙa wuluk mai kama da kan buzuzu. A cikin zafin watan Maris ake wannan, lokacin da ko karen kasuwa ya nemi ƙarƙashin tebur. Zai hau ya kwanta a kan tanki, a yi masa hoto. Ya sauko ya jingina, a yi masa hoto. Ya rungume hular a hammata yana kallon nesa, kamar wanda aka yi wa rasuwa, a yi masa hoto.

Mai ɗaukar hoton shi ne Desmond, ɗan wani mai sayar da tayoyi a Ogbete, wanda yake da irin wannan babur ja. In ana son hoto a wani wuri, gaban otal ko bakin sabon titi, Desmond ne ke tuƙa babur ɗin zuwa can, mai shi kuma ya bi bayansa a keke, rungume da hula.

Wata rana da Kallamu zai wuce masallaci ya leƙa agogon babur ɗin. Kilomita goma sha ɗaya. Ya san duk na Desmond ne. Ya tuna nasa da aka ƙwace, wanda agogonsa ya cika ya koma sifili, wanda ya ciyar da baki tara, ya kai mata uku asibiti suna naƙuda. Wancan aka ce shi ne ɓarna a gari. Wannan kuwa da ba ya ɗaukar komai sai girman kai, shi ake ɗaga wa hannu ya wuce. Ya yi tsaki har wanda ke alwala kusa da shi ya waiwayo.

Ran Alhamis da hantsi Delu ta zo rumfarsa da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye masa kwanon dambu, ta zauna a bakin benci, suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da yara da gajiya da labarin mutanen ƙauye. Sai da komai ya ƙare sannan ta sauke murya.

"Yaya, ɗan nan naka zai kashe kansa."

Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne.

"A kan babur ɗin da yake kafe? Sai dai in santsin sabulu ne zai kwashe shi."

"Ba wasa nake ba. Ƙungiya gare su, su wajen goma sha biyu. Lahadin farkon wata za su tafi Anaca a jere, wai su ci abinci a bakin gada su dawo. Ya riga ya sa sunansa."

Kallamu ya ajiye sifana. Ya san wannan hanya kamar yunwar cikinsa. Ya san hawan Ugwu Onyeama, inda tanka ke shanye birki ta gangaro kan mutane. Ya san ramukan da ke bayan Oji. Abokansa biyu a kanta suka tafi, su da suka iya tuƙi.

"Wanda bai fita daga layin awaki ba shi ne zai je Anaca? Ubansa fa?"

"Uban ne ke zuga shi. Duk wanda ya zo sayen akuya sai ya nuna masa hoton a waya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka koya masa, Yaya. Ko yaya ne. Ni ba na son gudu, tsayawa nake so ya iya."

Da wani ne ya zo da wannan magana, da Kallamu ya ce ya je masu hoton su koya masa. Amma Delu ce, wadda ya goya a baya tana jaririya. Ya ce ta turo shi ran Asabar da sassafe, filin makarantar firamare.

Sai ƙarfe tara suka iso, Desmond na tuƙi, Zainulabidin a baya cikin cikakkiyar shiga. Kallamu ya riga ya jera gwangwanayen madara takwas a tsakiyar fili, taku biyar-biyar tsakani.

"Na mene ne waɗannan, Kawu?"

"Za ka ratsa tsakaninsu a hankali, ba ka taɓa ko ɗaya ba, ba ka sa ƙafa a ƙasa ba. Amma ba yau ba. Yau kulochi za ka koya. Hau."

Ya hau. Kallamu ya ce ya matse hannun kulochi, ya taka giya ɗaya, ya saki a hankali kamar mai sakin tsuntsun da ba ya so ya firgita. Zainulabidin ya saki gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle ya mutu. Ya sake, ya mutu. Sau goma sha ɗaya Kallamu ya ƙirga. A na goma sha biyu babur ya tafi, mai shi yana jan ƙafafu biyu a ƙasa kamar agwagwa, ido a kan tanki.

"Ɗaga kai! Inda za ka za ka kalla, ba inda kake ba!"

Desmond, da ke biye da waya, ya ce, "Oga, dis one no be okada o."

Kallamu ya juyo ya dube shi tun daga askin kansa har takalmi. Ya gaya masa da Turancin kasuwa cewa ya sani ba okada ba ne, amma kwaltar da za ta karɓi abokinsa ba ta karanta sunan babur, fata kawai ta sani. Ya ce ya kashe wayar nan ko ya bar filin.

Abin da ya fi ba Kallamu haushi shi ne, tun daga tsaye ya gane babur ɗin ba shi da laifi. Ya ɗan matsa kulochin da yatsa biyu ya ji shi laushi kamar tuwon shinkafa. Ya girgiza shi ya ji ba nauyi. Kujerar ba ta da tsawo, ƙafa na kaiwa ƙasa. Waɗanda suka ƙera shi sun yi ne don ko tsohuwa ta koya a kwana uku. Shi da ya koya a kan wani gwangwani mai kik da ke mayar da duka a ƙwauri, ba mai nuna masa sai faɗuwa. Ga wannan an dafa masa an tauna masa, haɗiyewa ta gagara. Amma bai faɗa ba, kuma bai hau ba. Yana ganin hawa irin wannan abin wasa zubar da girma ne.

Rana ta biyu Zainulabidin ya iya tafiya miƙe. Rana ta uku ya kai giya uku, ya ratsa filin daga wannan bango zuwa wancan, ya tsaya da ƙyar dab da bishiyar mangwaro. Ya cire hula yana haki, fuska fal murna.

"Shi ke nan, Kawu. Na kama hannu. Saura ka nuna mini yadda ake ɗaga tayar gaba."

"Ka iya kwana?"

"Hanyar Anaca ai miƙaƙƙiya ce."

"Ka iya birkin gaggawa? Ka iya tashi a kan tudu in ya mutu maka? Ka taɓa jin iskar tirela ta mare ka a kafaɗa?"

"Duk na kalla a waya. Akwai wani Bature da yake bayani dalla-dalla. Ya ce irin koyarwar da, ta sa tsoro ce kawai."

"To gobe ka zo da Baturen ya jera maka gwangwani."

Zainulabidin bai sake zuwa ba. Ya gaya wa uwarsa wai yaran unguwa na taruwa a kan katanga suna yi masa dariya, kuma Kawu na yi masa tsawa a gaban abokinsa.

Kallamu ya haɗiye fushinsa ya tafi wurin Alhaji Gimba. Ya same shi zaune a kujerar roba, ana kaɗa masa wasu tumaki da aka sauke daga Potiskum. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, yaron nan bai isa hawa babban titi ba. A ba shi wata biyu. In ya ratsa gwangwanina, ni da kaina zan raka shi Anaca."

Alhaji ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai neman taimako. "Malam Kallamu, mun gode da ƙoƙari. Amma ka san kowane zamani da kayansa. Naku na neman abinci ne, a ɗauki mace da buhun garin rogo a kai ta Ogbete. Wannan kuwa harka ce ta 'yan boko. Injin ma da kwamfuta yake aiki. Ba lalle ne ka gane masa ba."

Akwai mutane a wurin, har da yaran da ke jan tumaki. Kallamu ya ji maganar ta sauka masa har ƙafar da ta karye. Ya ce, "Haka ne, Alhaji. Allah ya tsare." Ya juya.

Ran Lahadi da safe yana rumfarsa ya ji tashinsu. Babura goma sha biyu suka taru a bakin kasuwa, kowa cikin fata kamar za a yaƙi, suna ta murɗa totur ana ɗaukar su a waya. Bai fita ba. Daga baya mai shayi ya gaya masa Zainulabidin ne na ƙarshe, kuma sai da babur ya mutu masa sau biyu kafin ya hau titi.

Ƙarfe goma da rabi wayarsa ta yi ƙara.

"Kawu." Muryar ta yi ƙanƙanta kamar ta ɗan yaye. "Kawu, kana ina?"

"Ka ji ciwo?"

"A'a. Amma babur ɗin ya samu matsala. Ina Ugwu Onyeama. Don Allah kar ka gaya wa Baba."

Kallamu ya zura sifana biyu da filaya a aljihu, ya rufe rumfa, ya hau bas mai zuwa Ninth Mile. Duk tsawon hanya yana addu'a, yana kuma zagi a zuci, ya rasa wanne ya fi yawa.

A tsakiyar hawan ya hango ruwan lemo a gefen titi, ya buga jikin mota ya sauka. Babur yana jingine da wani dutse. Can gefe, ƙarƙashin inuwar kashu, ɗan ƙanwarsa na zaune a bencin wata mai sayar da okpa, irin alalar gurjiyar nan ta mutanen Inugu. Ya tuɓe rigar fata, singileti ya jiƙe sharkaf, yana cin na biyu, matar na yi masa fifita da kwali.

Ita ta ba da labari, tun kafin a tambaye ta, tana yi tana nunawa da hannu. Wata tirela ce ke jan ciki a gabansu. Sauran yaran suka bi ta gefe suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Shi ya tsaya a bayanta, babur ya mutu. Ya tayar, ya mutu. Sai ya fara komawa da baya. Ana haka wata tanka ta taho daga ƙasa ta danna masa oda. Yaro ya saki babur ya yi tsalle, ya faɗa daji da gudu da hular a kansa, har sai da ta aika mijinta ya nemo shi. Tankar kuwa, in ji ta, da sauran nisa, ko kusa da shi ba ta zo ba.

"Abokan naka fa?" in ji Kallamu.

"Na kira Desmond. Ya ce sun riga sun wuce Udi, in same su a can."

"Su goma sha ɗaya, ba wanda ya duba madubi ya ga babu kai."

"Ai ba a tsayawa in ana jere, Kawu. Doka ce."

Kallamu ya tuna yadda 'yan okada talatin suka ajiye aiki suka kewaye shi ranar da bas ta buge shi, Ibo da Hausa da Tibi, wasu ko sunansa ba su sani ba. Ya je ya duba babur. Hannun kulochi ya lanƙwashe, madubi ɗaya ya juya, tanki ya ɗan ƙuje. Ya sa sifana ya miƙar da hannun a hankali, ya gyara madubi, ya danna sitata. Bugu ɗaya ya tashi.

"Ina matsalar?"

Zainulabidin ya taso yana lashe yatsu. Da ya ga inji na aiki sai fuskarsa ta washe, dabara ta zo masa. Ya matso ya rage murya don kar matar ta ji.

"Kawu, ga wata shawara. Ka tuƙa mu zuwa Anaca. In mun kusa gada sai ka sauka, ni in ƙarasa. Ba nisa, kuma shimfiɗe take. Kai ka jira ni a wani wuri ka sha lemo. In an gama hoto in zo in ɗauke ka."

Kallamu ya daɗe yana kallonsa. Yana neman ko ɗigon kunya a wannan fuska, bai samu ba. Yaron da ya tsere wa babur ɗinsa ya shiga daji, ko gumin bai bushe ba, hoto ne a ransa.

"Sa rigarka. Gida za mu."

"To in mun kusa kasuwa ka tsaya a kwanar gidan mai, in karɓa. Sai in ce taya ce ta yi faci na dawo."

"Sa hular ma. Uwarka na son kan nan, ko da ba komai a cikinsa."

Ya biya matar, ya cusa hularsa ta zanna a aljihu, ya naɗe ƙasan rigarsa, ya ɗaga gurguwar ƙafar ya haye. Zainulabidin ya ɗare a kan ɗan tafin hannun nan na baya, gwiwoyi sun kusa kai masa kunne, ya ƙanƙame cikin kawunsa.

Shekaru ke nan rabon Kallamu da babban titi, in ban da ɗan gwajin babur ɗin da ya gyara daga rumfa zuwa bakin kasuwa. Ya lallaɓa ya juya, ya fuskanci gangara. A kwanar farko ya ɗan karkata kafaɗa kawai, babur ya kwanta ya bi, kamar ya san abin da ke ransa. Ya taɓa birkin gaba da yatsa ɗaya ya ji ya kama cak, ba kuka, ba rawa. Da hanya ta buɗe ya ƙara giya, ya ƙara, ya tarar akwai wata bayan wadda ya saba ƙarewa a kanta. Iska ta cika masa riga. Garin Inugu ya bazu a ƙasa, jajayen rufin kwano har iyakar gani. Bai san lokacin da ya murɗa ba, sai ji ya yi na baya yana ihu cikin hula.

"Kawu! Kawu, a hankali! Don girman Allah!"

Ya duba agogo. Saba'in ne kacal. Ya sassauta, ba don ihun ba, don Delu. Wani baƙin ciki ya taso masa. Da a ce yana da shekara ashirin da uku aka ba shi irin wannan, da a Fatakwal zai karya kumallo. Ga doki na gari an ɗaura wa wanda ko jaki ya fi ƙarfinsa.

Suka shigo gari. Suka doshi kwanar gidan mai. Zainulabidin ya fara bubbuga masa kafaɗa. "Nan ne, Kawu. Nan. Kawu, ka wuce!"

Kallamu ya yi kamar iska ta toshe masa kunne. Ya shiga kasuwa, ya bi ta gaban masu kaji, ya karya layin awaki a giya ɗaya, a hankali, yadda kowa zai ƙare musu kallo. Lokacin an taso daga coci, layin cike da masu sayen akuyar Lahadi. Mutane suka ga dattijo da furfura da silifas a gaba, a bayansa kuma wani jarumi cikin fata da baƙar hula, maƙale kamar ɗan biri. Mahauta suka fara tafi.

Alhaji Gimba na tsaye da wani mai saye, waya a hannu, da alama hoton yake nuna masa. Kallamu ya tsaya dab da ƙafarsa, ya kashe inji, ya kafe babur, ya zare makulli ya miƙa masa.

"Alhaji, ga ɗanka, ga kwamfutarka. Duka biyun lafiya lau. Na ɗan gane mata kaɗan."

Bai jira amsa ba. Ya zaro hularsa ya karkaɗe, ya sa, ya ɗingisa zuwa rumfarsa.

Alhaji ya daina amsa masa sallama har aka yi Babbar Salla. Delu ta aiko da dambu washegari, ba saƙo, sai dai kwanon ya fi na kullum girma. Babur kuwa aka tura shi cikin rumfa aka lulluɓe da buhu, kaji suka samu wurin kwana. Bayan wata uku wani ma'aikacin asibiti mai suna Monday, mutumin Zonkwa, ya saye shi. Kafin ya hau titi sai da ya zo da kansa ya roƙi Kallamu ya koya masa, ya yi sati uku yana ratsa fili, ya faɗi sau biyu, bai kira kowa ya yi masa hoto ba.

Amma kafin wannan, a Juma'ar da ta biyo bayan tafiyar, Kallamu ya fito daga masallaci ya tarar da samari sun yi da'ira. A tsakiya Zainulabidin ne, hannun hagu naɗe da farin bandeji tun daga wuyan hannu har gwiwa, an rataye shi a wuya. Yana ba da labarin yadda tanka ta shanye birki ta yo kansa yana gudu ɗari da arba'in, yadda ya kwantar da babur ya zame ta gefenta, yadda direban da kansa ya sauko ya sara masa. Har Desmond na wurin yana gyaɗa kai.

Wani ya hango Kallamu ya ce, "Yawwa, ga Kawu nan, shi ya je ɗauko shi. Kawu, wai haka aka yi?"

Zainulabidin ya dube shi, ido ya raina fata. Kallamu ya buɗe baki, sai ya tuna duk abin da ya faɗa a nan kafin la'asar ya isa kunnen Delu a wurin mata. Ya laluba takalminsa cikin tarin takalma, ya zura.

"Ban ga farkon ba," ya ce. "Allah dai ya ƙara kiyayewa."

Aka ce amin. Labari ya ci gaba tun bai yi nisa ba, gudun ma ya ƙaru zuwa ɗari da hamsin. Juma'a ta gaba da suka haɗu a bakin famfon alwala, Kallamu ya lura bandejin ya koma hannun dama.